Ajiyar wuta da ruwa: abin da ke hana famfo mai juyawa baya cika aiki

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, faifan sola ya mamaye rufin gidaje da shaguna daga Samaru zuwa Sabon Gari, daga Tudun Wada zuwa cikin birnin Zazzau. Duhun da yawancin jihohin Arewa suka zauna a ciki sama da mako guda a Oktoban 2024, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ya ƙara ingiza waɗanda ke jan ƙafa. To amma duk wanda ya haɗa sola ya san inda take ƙarewa. Da azahar wuta ta yi yawa har a rasa yadda za a yi da ita, da magariba ta yi sai a koma ga batir. Batirin nan shi ke cinye fiye da komai a kuɗin haɗawa, kuma shekarunsa ƙidayayyu ne.

Akwai wata hanyar ajiye wuta da ta girmi batirin litiyam nesa ba kusa ba. A sami tafki biyu, ɗaya a tudu ɗaya a kwari. Lokacin da wuta ta yi rara, a kunna famfo ya hau da ruwa sama. Lokacin da ake buƙata, a sako ruwan ya juya inji ya ba da wuta. Suwizalan ta fara wannan sama da shekara ɗari da suka wuce. Tashar Dinorwig ta yankin Wales a Birtaniya, wadda aka buɗe a 1984, idan injunanta na juyawa a shirye, tana iya tashi daga sifiri zuwa sama da megawat 1,700 cikin daƙiƙu kaɗan. Bath County ta Amurka tana da kimanin megawat 3,000, Fengning ta Sin megawat 3,600. A nahiyarmu Afirka ta Kudu na da Ingula mai megawat 1,332 da Drakensberg mai 1,000, Moroko kuma na da Afourer. Manyan tashoshin nan kan dawo da kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na wutar da aka zuba musu. Mu namu, Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, ruwa sau ɗaya yake bi ta cikinsu ya wuce abinsa.

Kafin mai karatu ya fara kallon tankin gidansa da sabon ido, ga lissafin. Ruwa lita 2,000 a kan hasumiya mai tsawon mita 10, duk ƙarfin da ke cikinsa bai kai kashi 6 cikin 100 na yunit ɗaya ba, irin yunit ɗin da muke saye a kati. Cajin waya ne na 'yan lokuta, shi ke nan. Ruwa lita 1,000 sai ya faɗo daga tsayin mita 100 kafin ya ba da ɗan abin da ya haura rubu'in yunit, kuma wannan kafin a cire asara. Saboda haka maganar ba ta gida ɗaya ba ce. Magana ce ta makaranta mai faɗi, ko gona, ko ƙauyen da ke gindin dutse, inda ake neman kilowat goma zuwa wasu ɗaruruwa.

A wannan girman ne famfo ya shigo. Injin tabayin na gaskiya, wanda ruwa ke bugawa ya juya janareta, auna wuri ake yi a ƙera shi, kuma daga waje ake kawo shi da tsadarsa. Famfo kuwa dubbai ake ƙerawa, yana nan a kasuwa, ana samun boris ɗinsa da sil ɗinsa, masu naɗin koyil sun san motonsa ciki da bai. Tun a 1931 wasu injiniyoyi biyu, Thoma da Kittredge, suka wallafa cewa famfo mai farfela, idan aka tura masa ruwa ta bakin da yake fitarwa, farfelar na juyawa baya ta ba da ƙarfi, kuma ingancinsa a haka yana kusa da na aikinsa na asali. Moton da ke jan sa ma yana iya komawa janareta. Ke nan inji ɗaya zai hau da ruwa da rana, ya ba da wuta da dare. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai.

Inda gizo ke saƙar shi ne sarrafa yawan ruwan da ke bi ta cikinsa. Tabayin irin na Kainji ko Shiroro yana da ƙananan ƙyamaren ƙarfe jere a kewayen farfelarsa. Ana karkata su a buɗe ko a tsuke, su rage ruwa ko su ƙara, kuma a kowane hali su saita kusurwar da ruwan zai bugi fukafukan farfela. Da su ake bin buƙatar gari, ta hau ko ta sauka, ba tare da asara mai yawa ba. Famfo ba shi da ko ɗaya. Farfela ce kawai cikin kwanson ƙarfe mai siffar katantanwa. A gudu ɗaya da tsayin ruwa ɗaya, adadin ruwa ɗaya yake haɗiya, kuma wuri ɗaya ne tak ruwan ke shiga fukafukai a daidai. Idan ruwan ya ɗan fi wannan, asarar ba ta da yawa. Idan ya gaza, ingancin rugujewa yake da sauri, har idan aka sauka ƙasa da kusan rabin adadin da yake so sai ka ga inji na juyawa, ruwa na wucewa, amma babu wata wutar kirki da ke fita.

Da a bakin kogi mai gudu iri ɗaya aka girka shi, da sauƙi: a zaɓi famfon da ya dace, a bar shi. Ajiya kuwa tana zuwa da matsaloli biyu nata na kanta, kuma ta farko ita ce masu sha'awar abin suka fi tsallakewa.

Mu ɗauka tsakanin tafkunan akwai mita 100, gogar ruwa a cikin bututu kuma tana cin mita 5. Wajen hawa, famfo zai yi fama da mita 105. Wajen saukowa, mita 95 ne za su iso gare shi, domin bututu yana karɓar rabonsa a tafiya da dawowa. To famfon da aka ƙera don ya tura ruwa mita 105, idan aka juya shi a kan gudun da ya saba, ba 105 yake so ba. Yana neman wajen mita 140, da ruwan da ya fi na aikinsa na famfo da kusan kashi 20 cikin 100 ko fiye. Dalili kuwa, asarar da ke cikin injin tana rage abin da yake bayarwa idan yana turawa, tana kuma ƙara abin da yake nema idan ana tura shi. Ga inji na neman 140, ga wuri na ba shi 95. Duk wanda ya sayi famfo bisa lambar da ke jikin farantinsa ya juya shi haka kawai, a can gefen da inganci ya ruguje zai tsinci kansa, ya dawo yana cewa fasahar ƙarya ce.

Matsala ta biyu: tsayin ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Tafkin sama na raguwa, na ƙasa na cika, tazarar da ke tsakaninsu na tsukewa har gari ya waye. Inda tsayin ya kai ɗaruruwan mita wannan ba wani abu ba ne. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin ta Zariya kuwa babban abu ne. Idan abin da aka samu mita 25 ne, kowane tafki kuma zurfinsa mita 3, za a fara da 28 a ƙare da 22. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi a dare ɗaya. Wannan ya sa nake ganin batun sarrafa ruwa ya fi damunmu a kan mutanen da ke zaune cikin manyan tsaunuka.

Abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne bawul. A sa shi gaban injin, a tsuke idan ana son rage wuta. Yana aiki, yana da arha, kowane fulamba ya iya. Sai dai bawul ba ya ajiye ƙarfin da ya hana wucewa, ƙone shi yake ta hanyar hargitsa ruwa, kamar ɗan acaɓan da ya murɗe totur har ƙarshe sannan yake daidaita gudu da birki. Kuma ragewa kawai ya iya. Idan matsalar ita ce tsayin bai kai ba, kamar 95 ɗin nan a gaban mai neman 140, bawul ba shi da abin cewa. Akwai kuma dabarar buɗe wani bututu a gefe don rarar ruwa ta kewaye injin. Wannan tana da ma'ana a bututun ruwan sha na birni, inda dole ruwa ya isa ga jama'a ko inji ya so ko bai so ba, kuma a Turai ana sa irin famfon nan a wuraren da da bawul ne ke rage matsin ruwa. A wurin ajiya kuwa, ruwan da ya kewaye inji ruwa ne da aka kashe wutar rana aka hau da shi, ya gangaro a banza.

Hanyar da ta taɓa tushen matsalar ita ce canza gudun injin. Dokar farfela a bayyane take: yawan ruwa na tafiya daidai da gudu, tsayi na tafiya da gudu sau gudu, ƙarfi kuma da gudu sau uku a jere. Rage gudu da kashi 10 cikin 100, tsayin da injin ke nema zai sauka da kashi 19. A misalinmu, famfon da ke juyawa sau 1,450 a minti wajen hawa da ruwa, idan aka sauko da shi wajen 1,200 lokacin ba da wuta, abin da yake nema zai faɗo daga 140 zuwa kusa da 95 ɗin da ke akwai. Haka kuma yayin da tafki ke raguwa daga mita 28 zuwa 22, rage gudu a hankali da kusan kashi 11 cikin 100 ya isa ya riƙe injin a inda ya fi inganci har asuba. Manyan tashoshi ma nan suka dosa. Japan ta fara girka injuna masu canza gudu a farkon shekarun 1990, Jamus ta bi da tashar Goldisthal mai megawat 1,060 a farkon shekarun 2000.

Cikas ɗin shi ne, moton da aka haɗa kai tsaye da layi ba shi da zaɓi. Wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa, don haka moto mai sandunan maganaɗisu huɗu yana ɗaure ne a kusa da 1,500: ɗan ƙasa da haka idan yana ja, ɗan sama idan ana jan sa. Sai an sa inbata mai canza gudu a tsakani. A nan ne mai saye zai yi hattara. Inbatar da ake haɗa wa sumo a rijiyar burtsatse mai sola ita ma tana canza gudu, shi ya sa ruwa ke zuwa siriri da safe ya yi kauri da hantsi. Amma hanya ɗaya wuta ke bi a cikinta, daga faifai zuwa moto. Idan moto ya koma janareta ya turo wuta baya, ba ta da inda za ta kai ta. Ko ta yanke, ko ta ƙone. Wadda ake buƙata ita ce mai karɓa da bayarwa, ta fi tsada sosai, kuma idan allonta ya ƙone ba gyaran bakin titi ba ne. Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu ba sa raga wa irin waɗannan kaya.

Kada kuma a ɗora wa canza gudu abin da ba zai iya ba. Yana riƙe inganci idan tsayi ya canza, amma ba ya mayar da famfo ya zama tabayin mai ƙyamare. Wajen hawa da ruwa iyakarsa ta fi fitowa fili. Famfon da ƙarshen ƙarfinsa mita 130 ne, idan gudunsa ya sauka da kashi 12 zuwa 13 cikin 100 kawai, ba zai ƙara iya kai ruwa mita 100 ba. Zai yi ta juyawa yana dumama ruwan da ke cikinsa. Ranar da hazo ya rufe sama ko hadari ya taso, babban famfo guda ɗaya zai zauna ne yana kallon wutar da ba ta isa ta tashe shi ba. Tashar Kops ta biyu a Ostiriya, wadda ta fara aiki a 2008, ta magance irin wannan da wata dabara: famfo na aiki da cikakken ƙarfi, wani ɓangare na ruwan kuma na juyowa nan take ta cikin tabayin, sai a daidaita abin da ake ja daga layi ta wajen tabayin ɗin. Dabara ce ta masu inji biyu da kuɗi mai yawa.

Shi ya sa ni na fi karkata ga hanya ta uku, wadda ba ta da ƙyalli: a raba aikin ga famfuna da yawa. Maimakon babba ɗaya, a jera uku a kan bututu ɗaya, ƙarami da mai ninkinsa biyu da mai ninkinsa huɗu. Da kunnawa da kashewa kawai an sami matakai bakwai, kuma duk wanda ke aiki yana yi ne kusa da inda ya fi inganci. Idan ɗaya ya lalace sauran na nan. A sa inbata mai hanya biyu a kan guda ɗaya don cike giɓin da ke tsakanin matakai, sauran kuma a daidaita gudunsu na hawa da na sauka da bel da fule masu girma biyu, ko kuma a ware waɗanda za su riƙa turawa da waɗanda za su riƙa ba da wuta, kowanne a zaɓe shi don aikinsa. Famfo ba shi ne mai tsada a aikin ba. Haƙa tafki da shimfiɗa bututu su ne. Ƙara famfo ɗaya don a huta da rikicin 140 da 95 ba asara ba ce. Akwai masu bincike da ke ƙera wa famfo ƙyamare irin na tabayin, wasu kuma na goge bakin fukafukan farfela ya yi santsi. Gogewar na ƙara ɗan inganci kaɗan kuma ba ta da tsada. Ƙyamaren suna aiki, amma da zarar an shiga ƙera su an bar arhar da ta kawo mu wurin famfo tun farko.

Sauran abin da ya rage shi ne canjin daƙiƙa zuwa daƙiƙa, wani ya kunna injin niƙa, wani ya kashe firji. Ƙananan tashoshin ruwa na ƙauye sukan bar inji a cikakken ƙarfi, rarar wutar kuma wata na'ura ta zuba ta a hita. A bakin kogi wannan daidai ne, ruwan dama wucewa zai yi. A ajiya ɓarna ce. Ƙaramin batir da zai shanye waɗannan hawa da saukar ya fi, ruwa kuma ya ɗauki dogon nauyin dare.

Akwai haɗarin da littattafan Turai ke ɗauka a matsayin abin da kan faru jefi-jefi, mu kuwa abincinmu ne na kullum. Injin na ba da wuta cikin layi, sai aka ɗauke. Nan take nauyin da ke riƙe da shi ya ɓace, ruwa kuma na nan yana turawa, sai ya zabura, gudunsa ya haura na ƙa'ida da rabi ko kusa da haka. Farfelar da ke irin wannan gudu kuma tana tokare ruwa, adadin da ke wucewa ya ragu farat ɗaya, matsi ya koma cikin bututu da duka. A bututun ƙarfe, tsayar da ruwan da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa nan take na ƙara matsin da ya kai na tsayin mita 100. Ruwa mai tafiyar mita biyu, 200. Wanda ya ruga ya datse bawul don ya ceci inji shi zai fasa bututun. Abin da ake so bawul ne mai rufe kansa a hankali da nauyi ko sifirin, ba tare da jiran wuta ba, da gwangwanin iska da zai shanye dukan, da kuma faifan ƙarfe mai nauyi a kan shaf, wato sandar da farfela ke juyawa a kanta, don kada inji ya zabura da sauri. A wurin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, waɗannan su ne farkon abin saye.

Sai ƙananan abubuwan da sai a gaban benci ake ganin su. Yawancin famfuna na da bawul mai hana ruwa komawa, dole a cire shi ko a yi masa hanya. A wasu, farfelar ɗaure take a shaf da zare irin na noti, wanda juyawar gaba ke ƙara tamkewa. Juya shi baya, sai ta kwance kanta a cikin kwanso. Sumo ba ta dace ba sam, famfon da ke zaune a ƙasa mai moto a gefe ake nema. Dole kuma a girka shi ƙasa da saman ruwan tafkin kwari, in ba haka ba zai sha iska, ko kumfa ta riƙa fashewa a jikin farfela tana cin ƙarfen. Ruwan damina na rafukanmu, Kubanni ne ko Galma, ja yake zuwa da yashi, kuma a irin wannan aiki ruwa ɗaya ne ke bi ta inji sau biyu kowace rana. Tafki rufaffe da aka cika sau ɗaya aka bar laka ta kwanta ya fi jan ruwa kai tsaye daga rafi, ko da yake za a riƙa cike abin da rana da iskar hunturu suka shanye.

Idan an yi duk wannan, nawa ke dawowa? A jera asarar: famfo wajen hawa kashi 75 zuwa 80, wajen sauka kusan haka, moto kashi 90 sau biyu, bututu sau biyu, inbata sau biyu. Abin da ke fita tsakanin kashi 35 ne zuwa 50 cikin 100. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Froyennes ta Beljiyam, da famfo mai canza gudu, bai kai rabi ba shi ma. Batirin litiyam na dawo da wajen kashi 90. Don samun yunit 100 a dare daga tsayin mita 25, ana buƙatar ruwa sama da lita miliyan biyu, wato tafki mai tsawon mita 30, faɗin 25, zurfin 3, kuma guda biyu. A tsayin mita 100 rubu'in wannan ya isa. Ga gida ko shago, batir ya yi nasara, babu gardama. Inda famfo ke da bakin magana shi ne wurin da dama ana buƙatar ruwan a sama don noman rani ko sha, ga tudu a kusa, ga faifan sola da ke zaman banza da azahar. A can, rabin wutar da da ta tafi a iska riba ce, kuma tafki da bututu na iya shekaru masu yawa, famfo kuma ana naɗa shi a gari.

Tudun ne ƙarancinmu. Kufena da Madarkaci duwatsu ne da suka miƙe a tsakiyar fili, kuma Kufena wurin tarihi ne mai ragowar tsohuwar ganuwa, ba inda za a kai nakiya a fasa tafki ba. Tsayin gaske yana wajen Kagoro da gefen tsaunin Jos, inda kamfanin NESCO ya daɗe yana samar da wuta daga ƙananan tashoshin ruwa tun zamanin haƙar kuza. Abin da Zariya ke da shi wani ne. Masu ƙera famfo ba kasafai suke buga yadda kayansu ke aiki idan an juya su ba, kuma ƙa'idojin lissafin da ake hasashe da su, har da wadda ta ba mu 140 ɗin nan, kan kauce da kashi 20 cikin 100 ko fiye. A injin da wurin ingancinsa ke da ƙunci haka, irin wannan kuskure ya isa ya kashe aiki. Maganinsa gwaji ne: tanki, babban famfo mai turawa, ma'aunin matsi, ma'aunin yawan ruwa, da birki ko janareta mai auna ƙarfi. Jami'ar Ahmadu Bello na da sassan injiniyan inji da na lantarki da na albarkatun ruwa, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Idan aka ɗauko famfunan da aka fi samu a kasuwannin Zariya da Kaduna da Kano, aka juya kowanne a gudu daban-daban, aka buga jadawalin tsayin da yake so da ruwan da yake haɗiya da gudun da yake zabura zuwa gare shi idan nauyi ya yanke, to injiniyan da zai yi aiki a Kagoro ko Kafanchan zai shiga kasuwa ya san lambar famfon da zai tambaya, da girman fulen da zai sa masa.